Kwamfutar Dokta Ziblim

Shekara talatin da huɗu Ziblim Dokurugu ya yi yana aikin malamin dabbobi, daga Gushegu zuwa Karaga zuwa Savelugu, kafin ya yi ritaya ya dawo gidansa na Lamashegu a Tamale. Dokta makiyaya suke ce masa, duk da bai taɓa zama a ajin likitoci ba. Sunan ya biyo shi har cikin gida, domin matarsa Lamnatu ma da shi take kiransa, musamman in tana son ta tsokane shi.

Ban da ciwon gwiwa, abin da aikin ya bar masa wata ƙaramar kwamfuta ce baƙa, ba ta fi farantin shayi faɗi ba. A wani taron bita aka raba musu, tun shekarar dubu biyu da goma. Na abokan aikinsa duk yara sun kashe su da kallon fim. Shi tasa a naɗe take cikin tawul, a ƙasan akwatin kaya, kuma a cikinta ya shekara goma sha ɗaya yana rubuta littafi da harshensu na Dagbanci a kan cututtukan shanu da tumaki da zabi. Ya zuba magungunan da ya koya a rugage da wajen tsofaffin ƙauye, wanda ya gwada ya yi aiki, da wanda ya gwada dabbar ta mutu a hannunsa. Shafi ɗari uku da sittin, kuma babu kwafinsa a ko'ina.

Yana da dalilinsa. Tun yana Karaga wani baƙo mai fara'a ya taɓa aron littafin da yake rubuta mace-macen 'ya'yan zabi a farkon damina, wai zai duba ya dawo da shi. Ya dawo da shi kuwa. Bayan shekara biyu Ziblim ya ga jadawalinsa a cikin wani rahoto mai sheƙi, har da kuskuren da ya yi a lissafin watan Yuni, amma babu sunansa ko a wajen godiya. Tun daga ranar, duk wanda ya yaba masa rubutu sai ya ƙara kallonsa.

To kwamfutar ce ta fara gazawa. Sai ya kunna ta, ya je ya yi alwala, ya yi walaha, ya sha koko, ya dawo ya tarar tana nan tana tunani. In ya danna harafi sai ya ƙirga uku kafin ya fito. Ran wata Talata ta daskare masa yana tsakiyar bayanin kaska, ya kashe ya kunna, aikin safiya guda ya tafi.

Da yamma Neindow ya zo gaishe su. Ɗan wan Lamnatu ne, yana aiki da wata ƙungiya mai koya wa manoma kiwo, kuma ya fi shekara yana cewa a ba shi littafin ya taimaka a buga.

"Baba Dokta, wannan ai ba mutuwa ta yi ba," in ji shi. "Kaya ne suka yi mata yawa. Akwai wata Sikena a bayan kasuwar Aboabo, ita ke tayar mana da irin waɗannan. Ka kai mata, ka ce ni na turo ka."

Ziblim ya ce to. Saboda Neindow ne ya faɗi sunan, washegari da ya hau babur sai ya nufi wani wajen daban.

Mai gyara na farko ko kunna ta bai yi ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ce ta gama yayi, amma in Alhaji zai bar masa ita zai karɓa don kayan gyara. Ziblim ya lura tun kafin ya amsa mutumin ya riga ya tura ta gefen teburinsa. Ya miƙa hannu ya ɗauko abarsa. Na biyu ya ce yana da wata manhaja da shi da kansa ya rage mata nauyi, a bar masa kwamfutar kwana biyu.

"Ta kwana a nan?"

"Ai aikin yana da yawa, Baba."

"Ko matata ba ta kwana inda ban sani ba," in ji Ziblim, ya naɗe tawul ɗinsa.

Haka nan dole ta kai shi shagon Sikena wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Kwantena ce aka yanka mata taga, tsakanin mai ɗinkin rigunan saƙi da mai sayar da man kaɗe. Matar za ta yi shekara arba'in, da gilashi a goshi, tana hura ƙura daga cikin wata kwamfuta. A jikin ƙofa an rubuta Sikena Sawadogo. Da ganin sunan ya san Bamoshiya ce, abokiyar wasan Dagomba irinsa, ya kuma san ba zai sha da daɗi ba.

Suka gaisa. Ya warware tawul. Ta sauko da gilashin kan hancinta, ta dubi kwamfutar, ta dube shi.

"Kaka, wannan da ita aka yi maka kaciya?"

"Ta girmi hankalin Moshi goma. Duba min ita, ba surutu na zo saya ba."

Ta kunna. Suna jira ta sayi wake da shinkafa a ganye, ta yi masa tayi, ya ce ya ƙoshi. Sai da ta kusa cinyewa kwamfutar ta gama buɗewa. Ta danna nan, ta danna can, ta juyo masa da allon.

"Ka ga nan. Memorinta giga ɗaya ne, shi ne teburin da take aiki a kai. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita, da tarkacen da suka taru shekara da shekaru, sun cinye teburin tun kafin ka buɗe komai. Injinta kuma tsohon yayi ne, yawancin sababbin manhajoji sun daina yi wa irinsa ɗinki. Amma akwai 'yan kaɗan marasa nauyi, dangin Linux, da har yanzu suke yi. A sauke wannan, a ɗora ɗaya daga cikinsu, ta tashi."

"A sauke. Abin da ke ciki fa?"

"A kwashe tukuna. Ina da babban faifai a nan, minti goma."

Ta jawo aljihun tebur. Ziblim ya ɗora tafin hannunsa a kan kwamfutar.

"Ba abin da zai fita daga nan ya shiga naki."

Ta tsaya da hannunta a aljihun. "Me ke ciki, takardun fili?"

"Abin da ke ciki ke nan."

"To sayo naka fulash. Ga shago can tsallake. Sayo biyu, don na ga kai ko inuwarka ba ka yarda da ita ba."

Ya tafi da kwamfutar a hammata. Ya ƙi wanda mai shagon ya miƙo masa, ya zaɓi biyu daga can ƙasan kwali, waɗanda ledarsu ba ta da alamar an taɓa buɗewa. Da ya dawo ya kafa sharuɗɗansa. Shi zai kwafa da hannunsa, ita ta faɗa masa abin da zai danna daga inda take. A kashe intanet ɗin shagon. Wayarta kuma ta ajiye a kan tebur, a tsakaninsu, inda yake gani.

"Ka manta ba ka ce in rufe ido ba," in ji ta. Amma ta zare wayar intanet ɗin daga bango, ta ajiye wayarta kusa da gwiwar hannunsa.

Kwafar ta ɗauki lokaci, don yatsunsa sun saba da allurar shanu ne. Da aka gama ya sa guda a aljihun cikin rigarsa, ya bar ɗaya a hannu. Sikena ta ɗauko wani zobe mai fulash uku, kowanne da manhaja ɗaya a ciki da ɗigon jan farce kala daban.

"Waɗannan ba sa taɓa cikinta. Daga jikin fulash suke tashi, ka gwada, in bai yi maka ba a zare, ta koma yadda take. Kamar ka hau babur ka zaga kafin ka saya."

"Nawa ake sayar da su?"

"Kyauta ne."

Nan ya gyara zama. "Wa ya yi su?"

"Mutane, a ƙasashe daban-daban. Wasu malamai, wasu 'yan sa-kai."

"Me suke samu?"

"Wasu suna, wasu jin daɗi. Wasu su ma tsofaffin kwamfutocinsu suke ceto."

"An taɓa kawo mana maganin tsutsa kyauta, katan ɗari biyu," in ji Ziblim. "Da na kankare takardar da aka liƙa a kwalbar, sai ga kwanan watan ya wuce da shekara ɗaya."

"To wannan ba kwalba ba ce. Kuma kai da ba ka taɓa haɗa ta da intanet ba, ta ina za su zo su same ka? Ta taga?"

Ya cire agogonsa ya ajiye a tebur.

Ta farkon kyakkyawa ce, da hoton tsauni da launuka masu sanyi. Minti biyu da rabi ta yi kafin ta buɗe. Da ya soka fulash ɗinsa ya buɗe littafin, shafukan suna tafiya suna cijewa. Sikena ta nuna masa wani ɗan ma'auni a gefe, ta ce fiye da rabin teburin ya riga ya cika.

"Wannan ado ne da ita," in ji shi. "Cire."

Ta biyun kafin ya gama gyara gilashinsa ta buɗe. Ya dubi agogo, ya sake duba. Sai kuma ya ga wata fuska a kusurwar allo, ya matso.

"Mene ne wannan?"

"Tambarinta ne. Puppy sunanta, wato ɗan kwikwiyo."

"Kare za ki sa min a ciki? A ɗakin da nake salla take kwana."

"Kaka, shekara talatin kana tura hannu a bayan saniya, yau hoton kare ne zai karya maka alwala?"

Mai ɗinkin da ke gefe ya ƙyalƙyale da dariya. Ziblim bai yi ba. Ya buɗe littafin, ya buɗu nan take, sai dai jadawalin maganin zabi ya wargaje, layukan sun hau juna. Ta ce ana iya gyarawa in an ƙara wata manhajar rubutu. Ya ce ya ji, a kawo ta ukun.

Ta ukun antiX sunanta, ba ta da wani kyan gani, allo ne mai duhu da 'yan rubuce-rubuce a gefe. Daƙiƙa hamsin ta yi. Ma'aunin ya nuna ko kashi ɗaya cikin biyar na teburin ba ta ci ba. Littafin ya buɗu da jadawalinsa daidai. Ya gangara har shafi na ɗari uku, bai ji ta cije ba.

"Haruffanmu fa?" ya tambaya. "In ba za ta rubuta ŋ da ɣ ba, ba ta da amfani a wurina."

Sikena ta shiga wani wuri ta zaɓi jerin haruffan harsunan Ghana, ta nuna masa inda kowanne yake. Wurarensu sun ɗan bambanta da inda ya saba. Ya rubuta sunan kaska, ya rubuta sunan ciwon huhun shanu, haruffan suna fitowa tun yatsansa bai bar maɓallin ba. Ya daɗe bai ga haka ba. Ya rubuta layi guda cur, don kawai ya ga yana fita.

"Kada ka ce ban faɗa maka ba," in ji ta. "In ka ce za ka shiga intanet ka buɗe shafi biyar, ko ka kalli bidiyo, za ta durƙusa. Giga ɗaya giga ɗaya ne. Amma rubutu, sai ka gaji."

Yana shirin magana wayarta ta ɗau ruri a gefen hannunsa. Idonsa ya riga nata kaiwa. Neindow, a rubuce da manyan haruffa.

Suka dubi juna. Wayar ta ci gaba da kuka.

"Ɗauka," in ji Ziblim. "Ki buɗe murya."

Ta danna.

"Hajiya Sikena, ina wuni," muryar Neindow ta fito tar, da ƙarar babura a bayansa. "Tsohon nan ya zo kuwa? Goggo ta ce tun safe ya fita da kwamfutar. In ya zo, don Allah kada ki manta maganarmu. Ki ajiye min kwafi ɗaya kawai, ba sai ya sani ba."

Mai ɗinkin ya tsayar da kekensa.

"Ya zo," in ji Ziblim. "Yana gaishe ka."

Ta cikin wayar aka ji wani mai keke yana kiran fasinjan unguwar Sakasaka.

"Baba Dokta... wallahi ba yadda kake zato ba ne. Goggo ce ta sa ni. Ka tambaye ta."

"Zan tambaye ta."

Ya danna jan maɓallin da kansa. Ya zare fulash ɗinsa, ya rufe kwamfutar, ya fara shimfiɗa tawul.

"Jiya da dare ya kira ni," in ji Sikena. Babu wasa a muryarta yanzu. "Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba. Ƙungiyarsu ce ke kawo min rabin aikina, ba na son faɗa da shi a waya. Na ce sai na ga mai kayan."

"Da ban hana ba, da yanzu yana cikin faifanki."

"Da yana ciki, kamar na kowa, har in gama aiki in goge a gabanka. Haka nake yi. Amma ba ni da hanyar da zan nuna maka abin da da na yi. In ka ga dama ka tafi."

Ya tsaya da tawul a hannu. Bai yarda da ita ba. Abin da ya tsaya masa shi ne, da ta so, da ta bar wayar ta yi ta kuka har ta katse, ko ta ɗauka ta riga Neindow magana. Ba ta yi ba. Wataƙila gaskiya ce da ita, wataƙila kuma ta ga an riga an kama su ne ta zaɓi ta tsira da mutuncinta. Ya auna wannan, ya auna wancan, bai samu wanda ya rinjaya ba. Ga shi kuma yatsunsa sun riga sun ɗanɗana saurin nan, in ya koma gida yanzu, gobe ma sai ya sha koko ya dawo ya tarar tana tunani.

Ya koma ya zauna.

"Ta ukun. Kuma ni zan danna komai."

"Ko ka ce in fita waje ma, in ba kayana za ka sata ba. Ku Dagomba ba a ba ku amanar shago."

Ya danna komai da kansa. Da aka zo inda allo ya yi tambaya ko a goge duk abin da ke ciki, ya taɓa aljihunsa ya ji fulash biyun suna nan, ya ce a dakata. Ya sa ta buɗe masa kowanne a gabansa, ya ga shafin farko da na ƙarshe, sannan ya yi bisimilla ya danna. Da aka zo wajen kalmar sirri ya ce ta juya baya, mai ɗinkin ma ya juya. Kafin la'asar an gama. Ya mayar da littafin ciki, ya kashe, ya kunna sau uku yana duba agogo. Ya sallame ta, ta rubuta masa wuraren haruffan a bayan wata takarda.

A gida ya tarar da Lamnatu a tsakar gida tana kaɗa miyar ayoyo. Ba ta jira ya tambaya ba, da alama Neindow ya riga shi isowa ta waya.

"Ni na sa shi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Bara da ka kwanta asibiti kwana tara, ba ka san wanda ke kanka ba, na ɗauko abin nan na buɗe na zauna ina kallonsa. Ban san ta inda ake shiga ba. Na ce in mutumin nan ya tafi, shekara goma sha ɗaya da na yi ina kai masa abinci yana hucewa sun tafi a banza. Na roƙe ka ka ba yaron nan, ka ƙi. Na ce ka ba Wumpini, ɗanka na cikinka, ka ce zai jefa a waya. To wa kake ajiye wa, Dokta? Zabin ne za su karanta?"

"Sai ki sa a yi min sata."

"Na sa. In da hali gobe ma zan sake."

Ya shiga ɗaki. Ya san ba ta yi masa ƙarya ba, a shekara arba'in bai taɓa kama ta da ita ba. Amma Neindow fa? Goggonsa ta ba shi dalili, wannan gaskiya ne. Sai dai yaron ya fi shekara yana zagaye littafin tun kafin a yi zancen asibiti, kuma yadda ya ce "ba sai ya sani ba" ya fito masa da sauƙi ƙwarai, kamar wanda ya saba faɗa.

Bayan sallar magariba ya fito ya miƙa wa Lamnatu fulash ɗaya.

"Ki sa a inda kike ɓoye sarƙarki. In na mutu ki ba wanda kika ga dama. In ina raye kuma na ji shi a wani wuri, na san ƙofar da ya bi."

Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Neindow ya yi sati uku bai tako gidan ba. Da ya zo, da goro da zabi biyu, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ziblim ya bar shi a durƙushe har ya gama, sannan ya shiga ɗaki ya fito da shafi goma sha huɗu da ya buga a wani shago can Kalpohin, inda ba wanda ya san shi. Babin 'ya'yan zabi ne kaɗai, kuma a ƙasan kowane shafi ya sa sunansa da biro.

"Ga wannan. In ga abin da za ka yi da shi."

A farkon damina ƙungiyar ta fitar da ɗan littafi na manoma, aka raba a ƙauyukan Savelugu da Kumbungu. Neindow ya kawo masa guda biyar da kansa. A bango an rubuta Ziblim Dokurugu, a ƙasa kuma, wanda ya tsara, Neindow Yakubu. Ziblim ya karanta shi daga farko har ƙarshe bai sami abin da aka canza ba, ban da wata kalma da shi ma ya san ya yi kuskurenta. Sannan ya ɗauko rula ya auna haruffan sunayen biyu. Na Neindow sun gaza nasa da kaɗan, kaɗan ƙwarai.

Neindow ya tambaya ko za a samu babin kaska kafin kaka. Ziblim ya ce yana kan gyara shi, a dai ƙara haƙuri.